Ruwan da Ke Ƙarƙashin Titinmu

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina zaune da mutumin da in ya shiga gidan mutane sai ya saurari ƙasa kafin ya gaida masu gida. Ka kai shi dubiyar mara lafiya, kafin ya ce sannu ya riga ya kafa sanda a daɓen ɗaki, ya ɗora kunne a kanta, ya ɗaga wa mara lafiyar hannu alamar ya dakata da tarin tukuna. Mijina ke nan. Duk gari Mai Sanda ake ce masa, har jikokinsa.

A ma'aikatar ruwa ya yi aiki, kuma aikinsa ɗaya ne tak: sauraren yoyo. In bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, ruwa yana zirarewa ba a san inda yake ba, shi ake kira. Sandar tasa ta ƙarfe ce, ta kai masa ƙirji, a samanta akwai ɗan katako mai kama da kofin shayi. Zai kafa tsininta a ƙasa, ya manna kunne a katakon, ya lumshe ido. Can sai ya miƙe, ya ciro jan fenti ya yi alama a wurin, ya ce wa lebura su haƙa nan, taku huɗu, bututu mai inci uku, ya tsage ta gefen hagu. A haƙa a tarar haka ɗin ne. Ni da bakina nake faɗa, kuma ba yabon miji ne sana'ata ba: shekara ashirin bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Famfon duk gidan da muka zauna dai yana ɗiga tun ina amarya, amma wannan ya ce ba ya cikin aikinsa, tunda ana ganinsa da ido.

Masifar ta faro ne da muka koma gidan da muke ciki yanzu. Ranar da muka tare, ana sauke kaya, ya kafa sanda a ƙofar gida don sabo kawai. Sai na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce da ni, "Ke, zo nan. Kin ji?"

Na sa kunne a katakon. Na ce, "Ban ji ba."

"Ruwa ne. Mai yawa. Ban taɓa jin irinsa ba."

Na ce, "To, in ka gama jinsa ka zo ka kama min gadon nan."

Daga ranar tambayar nan ta zama gishirin gidanmu. Muna cin abinci zai ajiye cokali ya ce, "Kin ji?" Ina wanki, ina wa yaro wanka, ina tsakiyar faɗa da shi kan wani abu daban, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kin ji?" Ni kuwa amsata ba ta taɓa canzawa ba. Wani lokaci ma kafin ya buɗe baki nake cewa ban ji ba, don mu huta.

Ya kai rahoto ofis, aka zo aka haƙa titinmu. Aka tarar da bututu lafiya lau, a bushe kamar ƙashi. Aka rufe. Bayan shekara ya sake kai rahoto, aka sake haƙawa. Sau bakwai aka farke titin nan saboda kunnen mijina. Mai shagon kusurwa ya daina gaishe mu. Telan unguwarmu ya faɗa rami na huɗu da keken ɗinki a ka. Matan layi in sun hango ni sai su tambaya, da murmushin mugunta, ko bana ma za a yi noman titi.

A haƙa na bakwai shugabansu ya zo da kansa, wanda kowa ke kira Injiniya, mutum mai tumbi da son a ce masa ranka ya daɗe. Lebura sun haƙa har sun cim ma farin dutse, sun ajiye diga. Injiniya ya tsaya a bakin rami ya sunkuya don ya nuna wa duniya babu komai, sai tabaransa ya zame daga hanci ya faɗa. Kowa ya ga faɗawarsa. Aka sauka aka duba, babu tabarau, sai wata 'yar tsaga a jikin dutsen wadda hannu ba ya shiga. Mijina ne ya fara sauka ramin, don haka Injiniya ya ƙudurta a ransa shi ya ɗauke don ƙeta. Kafin wata ya ƙare takardar ritaya ta fito, a ƙasanta an rubuta dalili da jan biro: "Kunnensa ya lalace, yana jin ruwa inda babu ruwa."

Ritayar ba ta dame shi ba. Layin nan ɗaya na jan biro shi ya cinye shi. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, kuma kowace safiya, in ya karya kumallo, sai ya tafi ƙofar gidan Injiniya ya zauna a kan dakali. In Injiniya ya fito ya ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Batun gyaran takardar nan ne." Injiniya ya ce babu gyara, shi kuma ya ce madalla, sai gobe. Shekara goma sha ɗaya ana haka. Injiniya ya yi ritaya shi ma, bai tsira ba. Ya sauya gida, mijina ya taya shi kwashe kaya don ya ga sabon wurin.

Abin da ya fi ba ni haushi, a cikin shekarun nan ne kunnen ya lalace da gaske. Ƙaryar da aka rubuta ta zauna ta jira shi har ya iso ta. Da farko sai na maimaita magana sau biyu, daga baya sai na yi ihu har maƙwabta su san me muka dafa. Wata rana na shigo ɗaki na tarar da shi ya ciji eriyar rediyo, ido a lumshe. Na ɗauka abin ya kai ga kai. Ya ce a'a, in ya ciji ƙarfen labarai suna shigowa ta haƙori. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, kuma ban faɗa ba sai ranar da ta zama dole. Sandar ma ya daina kafawa a gabana. Tambayar nan tasa ta ɗauke ɗif, ni kuwa na ce alhamdulillahi, ban san zan yi kewarta ba.

A bayan gari akwai wurin fasa dutse, irin farin dutsen nan da ake ƙonawa a yi siminti. Wata rana suka sa nakiya, gefen dutsen ya rufto, sai ga bakin kogo yana huro iska mai sanyi. Maƙwabcinmu direban tifa ne ya kawo labarin, ya ce ma'aikatan wurin sun shiga da igiya, sun ce ciki akwai damshi, kuma ramin ya nufi cikin gari. Sai da ya faɗa sau uku da ƙarfi kafin mijina ya gane. Washegari ya auna da ƙafa daga bakin kogon zuwa ƙofar gidanmu, ya dawo ya ce taku dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in ne.

Ya je ya sami Injiniya da ciniki. Ya ce su shiga tare. In an sami ruwa mai gudu a ƙarƙashin titinmu, Injiniya zai soke layin nan na takardar ritaya da hannunsa. In ba a samu ba, shi zai karya sandarsa a gabansa, kuma ba zai ƙara taka dakalinsa ba har abada. Injiniya da jin "har abada" ya tashi neman takalmin roba.

Na ce da ni za a je. Mijina ya ce kogo ba wurin mata ba ne. Na ce ai ba wurin kurame ba ne ma, amma ga shi za ka. In zai mutu a rami, gara ya mutu a gabana in san abin da zan faɗa wa 'ya'ya.

Da hantsi muka isa. Mai gadin wurin ya ara mana hulunan kwano uku da tocila, ya ce mu riƙe igiyar da ma'aikata suka bari, sannan ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya ya tambaya ko akwai wanda za a sanar. Mijina ya rataya jakarsa ta aiki: sifana babba, gwangwanin jan fenti, da fom na rahoton yoyo. Na ce sifanar ta mece ce? Ya ce in an sami yoyo ai sai a rufe shi. Injiniya kuwa taswirar bututun gari ya zo da ita, tsohuwa, a naɗe a hammata.

Kai, kogo! Taku goma da shiga, zafin rana ya zama labari. Bango fari-fari, a jiƙe, yana da santsi kamar sabulu. Daga sama wasu duwatsu masu tsini suna reto kamar hantsar saniya, kowanne da ɗigon ruwa a bakinsa, daga ƙasa kuma wasu sun taso suna jiran ɗigon. Jemagu suka tashi suka wuce ta kanmu, na yi salatin da ban san na iya ba. Mijina yana gaba yana ƙirga taku da ƙarfi, don shi ba ya jin muryarsa, kogon kuma yana maimaita masa.

A wajen taku ɗari huɗu Injiniya ya tsaya ya warware taswira, ya haska, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Bisa ga taswira, babu wurin nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to mu a ina muke?"

"A cikin dutse muke. Ni dai abin da ke rubuce nake faɗa miki."

A taku ɗari bakwai hanya ta tsuke. Mijina siriri ne, ya zame ya wuce. Ni na bi a karkace. Injiniya ya shiga, tumbi ya ce bai san zance ba. Ya maƙale, gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Mijina bai ji ihunsa ba, yana can yana ƙirga ɗari bakwai da goma sha biyu. Ni na kama hannun mutumin da ya kori mijina daga aiki ina ja, ina ce masa ya saki numfashi ya tuna ranar da yake siriri. Da ƙyar ya fito kamar an zare toshiyar kwalba, maɓallan rigarsa biyu suka zauna a can.

Igiyar ma'aikata ta ƙare a taku ɗari tara. Muka ɗaura wata da muka zo da ita muka ci gaba. Kowane taku ashirin mijina zai tsaya, ya kafa sanda, ya manna kunne, ya ɗaga mana hannu mu yi shiru, sannan ya miƙe mu wuce. A ɗaya daga cikin shirun nan ne na ji ruwan nan nasa.

Da farko kamar mota ce can nesa. Sai ya zama kamar ana zuba tsakuwa daga tifa ba a dainawa. Yana shigowa ta tafin ƙafa kafin ya iso kunne. Jikina ya yi sanyi, kuma ba sanyin kogo ba ne. Shekara talatin mutumin nan yana jin wannan a ƙarƙashin tabarmarmu, shi kaɗai, ni ina ce masa ya zo ya kama min gado. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Na kalli Injiniya, na ga ya naɗe taswirarsa a hankali ya mayar hammata.

Muka sha wata kwana, tocila ta daina samun bango. Wuri ne mai faɗi, rufinsa can sama. Daga wata tsaga a gefe ruwa yake zubowa da kaurin bishiya, yana faɗawa cikin tafki, daga tafkin ya zama rafi ya shige ƙarƙashin dutse ya tafi inda Allah kaɗai ya sani. Ruwa garau, kana ganin duwatsun ƙasansa. Ƙararsa kuwa, in ba ka yi ihu ba ko kai ba ka jin kanka. Mijina ya taka cikin rafin har ruwa ya kai masa ƙwauri, ya ce, "Dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in." Ya tsaya.

Na ɗauka zai yi tsalle. Na ɗauka zai juyo ya ce da ni, ga shi nan. Maimakon haka sai ya gyara tsayuwa, ya juya wa ruwan baya, ya kafa sanda a kan dutse, ya ɗaga mana hannu mu yi shiru. Mu yi shiru! A wurin da ko bindiga aka harba ba za a ji ba. Ya manna kunnen dama. Ya daɗe. Ya juya na hagu. Ya matsa taku biyu ya sake kafawa. Da ya ɗago, fuskarsa ta tsufa da shekara goma.

Ya ce, "Babu komai."

A daidai lokacin Injiniya ya ƙwalla ƙara daga gefe. Ya haska wani tudun dutse a ƙarƙashin wata siririyar tsaga da ke rufin kogon. A kan tudun ga tabarau a zaune, farin dutse ya lulluɓe gilashin ya manne shi da tudun, har wani ɗan tsini ya fara tsirowa a kan karan hancin. Ya ja, ya ƙi fitowa. Ya durƙusa a gabansa kamar ya ga ɗan'uwan da ya ɓata.

"Nawa ne! Wallahi nawa ne! Mai Sanda, ramin nan na bakwai yana saman kanmu! Ba kai ka ɗauka ba!"

Mijina bai ji ba. Ya zaro takardar ritayarsa daga aljihu, ya tako ya miƙa masa ya ce, "Ranka ya daɗe, takardarka gaskiya ce. Na saurara, babu ruwa mai gudu a nan."

Injiniya ya miƙe yana ihu a kunnensa, "Akwai ruwa! A cikinsa kake tsaye!"

"Wannan na ido ne. Ido ba shaida ba ne a aikinmu, kai ka koya mana. Ko ruwan sama yana taruwa a rami."

"Ga shi can yana zubowa kamar gari zai nutse!"

"Sanda ba ta ji ba."

"Ni injiniya ne, na ce akwai!"

"Ni mai saurare ne, na ce babu."

Jama'a, ku taya ni gani. Tsofaffi biyu a ƙarƙashin ƙasa, ruwa har ƙwauri, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana cewa babu yanzu yana rantsuwa akwai, wanda ya shekara talatin yana cewa akwai ya kafe babu. Injiniya ya fizge takardar, ya ɗora a kan hular kwanonsa, ya zaro biro ya soke layin nan har takardar ta huje, ya sa hannu, ya miƙa masa. Mijina ya mayar da hannuwansa baya. Ya ce ba ya karɓar gyaran tausayi, alkawari alkawari ne. Ya ɗaga sandar da hannu biyu, ya nemi gefen dutse mai kaifi inda zai maka ta.

Nan ne raina ya ɓaci. Na san mutumin nan. In ya karya sandar nan zai koma gida ya zauna a kujera, ya yarda cewa rabin rayuwarsa hauka ne, kuma ba zai kai baɗi ba. Na shekara talatin ina taya duniya ƙaryata shi, ba zan tsaya ya taya mu da kansa ba.

Na tsunduma cikin ruwan da zanina da komai, na riƙe sandar. Ya ja, na ja. Na ce, "Sakar min, tsohon rigima!" Ko bai ji ba ya ga bakina, kuma ya san fuskar nan. Ya saki. Na kai tsinin sandar na kafa a jikin dutsen da ruwan ke duka, na danna da ƙarfina. Ɗaya hannun na kama haɓarsa kamar zan ba yaro magani.

"Buɗe baki!"

Ya zaro ido.

"Rediyo! Yi mata yadda kake wa rediyo!"

Ya kalli Injiniya, kunya ta rufe shi, don asirinsa ne na tona a gaban shugabansa. Sannan ya sunkuya a hankali, ya kauce wa katakon, ya sa haƙoransa shida da suka rage a jikin ƙarfen, ya lumshe ido.

Na ga lokacin da sautin ruwan ya shige shi. Kafaɗunsa suka sauka. Hannunsa ya tashi sama da kansa, alamar nan ta a yi shiru, wannan karon kuwa har Injiniya ya kame kamar soja. Hawaye suka gangaro suka bi ƙarfen sandar. Ya daɗe a haka, tsoho da sanda a baki a tsakiyar rafi, ni ina riƙe masa ita.

Da ya saki sai ya goge baki da hannun riga ya ce, "Shi ne. Muryarsa ce, ba ta canza ba." Ya juya ga Injiniya ya karɓi takardar, ya duba sokewar da kyau, ya ninke ya mayar aljihu. Ya ciro fom ya miƙa masa ya ce a cike, wurin girman bututu a rubuta ba a gano ba tukuna. Ya buɗe jan fenti ya yi alama a jikin dutsen, ƙatuwa, yadda lebura ba za su ɓata ba. Sifana ce kawai ya juya a hannu, ya ɗaga kai ya kalli inda ruwan ke fitowa, ya mayar da ita jaka ya ce wannan sai an turo ma'aikata.

Sai ya goge katakon sandar da gefen rigarsa, ya sake kafa ta, ya juyo da shi wajena. Ba na bukatar sanda, ƙarar tana neman fasa min kai. Amma na matso na manna kunnena a wurin da nasa ya suɗe har katakon ya yi sheƙi.

Ya ce, "Ke. Kin ji?"

Na san ko na yi ihu ba zai ji amsar ba. Na ɗago, na haska fuskata da tocila don ya ga bakina sosai, na ce, "Na ji."

Ya ce in sake faɗa, wai hasken bai zauna daidai ba. Ƙarya yake, ya gani sarai. Na sake faɗa masa.